Jarirai Biyu a Waya Ɗaya

Injiniya Nasiru ya sa na goge aikin mako biyu da hannuna, a gaban yaran da na haifi sa'o'insu, kuma har yau ban ce masa ya kyauta ba. Yadda ya yi abin bai yi mini daɗi ba a ranar, bai kuma yi mini daɗi ba yanzu da nake wannan rubutu. Na faɗa masa, ya sani. Amma tunda an ce kowane tsohon ma'aikaci ya rubuta wa sababbin shiga labarin rana ɗaya da ta ƙi fita ransa, tawa ke nan. Duk da fushin, godiya ce ta fi yawa a cikinta.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Dije, wadda kuke kira Anti. Na haura shekara talatin kafin in iya rubuta sunana. Tuwo nake sayarwa a bakin tashar Birnin Gwari, in an yi la'asar in rufe tukunya in tafi ajin yaƙi da jahilci. Daga nan makarantar manya, daga nan wani horon kwamfuta da aka kawo wa mata. Aka ɗauke ni a ofishin rigakafi ina kwafe katunan yara zuwa cikin kwamfuta. Ina wannan aikin ne ƙaramin kamfanin da ya yi mana manhajar rajista ya kama ɗaki ɗaya a garin nan, aka turo Injiniya Nasiru daga Kaduna ya riƙe shi. Ya ga na dame shi da tambaya, kullum me ya sa kaza ya ƙi, me ya sa kaza ya tsaya, sai ya ce in ina son sanin dalili to in koyi rubuta kod. Kod shi ne umarnin da ake rubuta wa kwamfuta layi-layi ta bi. Na koya. Ba da sauri ba, amma na koya har kamfanin ya ɗauke ni aiki, kuma shi ya koya mini. Wannan ba na ɓoye shi.

Manhajarmu aikinta ɗaya ne: tana riƙe rajistar yaran da ake yi wa allurar rigakafi a Kazage da Kuyello da Randagi. Ma'aikatan lafiya suna fita da kwamfutar hannu, su shigar da yara a can ƙauye inda babu sabis, in sun dawo gari bayanan su hau rumbun ajiyar manhajar. Manhajar ce ke duba wane yaro lokacinsa ya yi, ta aika saƙo zuwa wayar gidansu cewa a kawo shi rana kaza, ta kuma faɗa wa ma'aikaciya yawan allurar da za ta zuba a kula, wato akwatin sanyin da ake ɗaukar allura a ciki.

Mai zuwa Randagi a lokacin ita ce Sista Rifkatu, 'yar asalin can ce, tana jin Gbagyi tana jin Hausa, har Fulatanci tana ɗan taɓawa. A bayan babur take tafiya, kula a cinya, ta hanyar daji. Ku da kuke garin nan ba sai na yi muku bayanin dajin ba. Ba a tashi kawai a tafi. Sai an ji hanya ta lafa, sai an samu rakiya. In ta je yau, ba wanda zai ce ga ranar da za ta koma. Saboda haka yaron da ba a kira shi ranar zuwanta ba, ya shiga jira ke nan, jiran da babu mai sanin ƙarshensa.

Matsalar da ta taso ita ce rajista ta kumbura. Mutane suna gudowa gari in an yi tashin hankali, su koma in an samu sauƙi, kati ya ɓata a hanya, a sake rubuta yaro sabo. Sai ka ga yaro ɗaya ya fito sau biyu ko uku. Rifkatu ta ɗauki allura fiye da kima ta dawo da ita ta lalace, masu gida kuma su yi ta samun saƙo iri ɗaya har wasu suka daina buɗewa. Malam Shehu, jami'in rigakafi, wanda shi ne mai aikin, mu masu yi masa ne, ya kawo ƙa'ida. Ya ce in sunan yaro ɗaya ne, sunan mai gida ɗaya, lambar waya ɗaya, gunduma ɗaya, kuma tsakanin ranakun haihuwa bai wuce mako ba, to yaro ɗaya ne, a haɗe su, a bar wanda ya fi yawan allura a rubuce. Na tambaye shi sunan uwa fa. Ya ce in rabu da shi, mace ɗaya yau Hauwa ce, gobe Kulu, jibi Maman Sani. Na ga gaskiyarsa, don na sha kwafe irin wannan.

Injiniya yana Kaduna a lokacin, hanya ta hana shi dawowa, sai aikin ya faɗo kaina ni kaɗai. Shi ne babban aiki na farko da aka sakar mini. Mako biyu na yi a kansa. Da na gama na gwada shi a kan kwafin rajista, ba ta gaskiyar ba, sai ga ta ta sace kamar kumburin da aka matse. Malam Shehu ya zo ya gani ya sa mini albarka. Aka tsayar cewa za a saki aikin a kan rajistar gaske kafin Alhamis, domin an samu rakiya zuwa Randagi ran nan.

Ran Litinin Injiniya ya dawo. Al'adar ofishinmu, wadda kuka tarar, ita ce kod ɗin kowa ba ya shiga manhaja sai an haska shi a bango kowa ya gani. Aka haska nawa. Ya karanta a natse, ya ce sunayen da na ba abubuwa sun fito sarai, ya ce tsarin ya yi kyau. Ina ta gyara zama. Sai ya juyo ya ce ina gwaje-gwajen.

Bari in yi bayani saboda wanda ba ɗan sana'a ba. A wurinmu ba a fara rubuta aiki sai an rubuta ƙaramin gwajinsa. Gwajin shi ma kod ne, ɗan gajere, yana ba da misali ɗaya ya faɗi amsar da ya kamata a samu. Ka kunna shi, dole ya faɗi, ya nuna ja, tunda aikin bai wanzu ba tukuna. Sannan ka rubuta kod daidai wanda zai mayar da shi kore, kada ka ƙara ko layi. Sannan ka gyara abin da ka rubuta ya yi tsaf, ka sake kunnawa ka tabbata kore yana nan. Sai ka koma ka rubuta gwaji na gaba. Kowane gwaji abu ɗaya tak yake dubawa. Na san wannan ƙa'ida, na yi ta lokacin koyo. Amma na ɗauke ta kamar layin da ake ja wa mai koyon rubutu, in hannu ya faɗa sai a daina. Ga kuma Malam Shehu yana leƙowa kullum.

Na ce masa na gwada da idona, rajista ta ragu. Ya ce ya yarda ta ragu, amma ta yaya na san waɗanda suka fita su ne ya kamata su fita. Na ce ƙa'idar ba tawa ba ce, abin da aka ce in yi na yi, ban ƙara ba ban rage ba. Ya ce wannan ma ya yarda. Na ce to shi ke nan, yanzu zan zauna in rubuta gwaje-gwajen a bayan aikin, kafin azahar na gama. Ya girgiza kai. Ya ce gwajin da aka rubuta bayan aiki shaida ne da aka ɗauko daga gidan mai ƙara, abin da kod ya riga ya yi shi zai maimaita. Ya ce in goge, mu fara daga gwaji.

Na san ma'ajiyar kod tana riƙe tarihin duk abin da aka taɓa rubutawa, ba wai zai ɓace daga duniya ba ne. Ba wannan ne zancen ba. Zancen shi ne a gaban wa.

Na ce, "Nasiru, na girme ka. Ranar da aka yi sunanka ina iya ɗora tukunyar tuwon taron."

Ya ce, "Shi ya sa ban goge da kaina ba, Anti."

Na goge. Ban yi kuka ba, kada wani ya ƙara muku gishiri a labarin. Na dai danna maɓallin da ƙarfin da ya fi wanda ake buƙata.

Labari ya kai wa Malam Shehu kafin a yi azahar, ya iso da hularsa a hannu. Ya ce shi bai san ja da kore ba, Alhamis ya sani. In ba a ba shi rajista mai tsabta ba, Rifkatu za ta sake tafiya da kumburarriya, shi kuma ya riga ya yi wa na sama da shi alkawari. Injiniya ya ba shi haƙuri ya ce za mu yi iyakar ƙoƙari, amma ba zai saki abin da ke share sunan yara ba alhali babu abin da ke tsare shi. Malam Shehu ya dube ni yana neman in goya masa baya. Raina yana tare da shi, amma ban goya masa ba, don in na buɗe baki a lokacin ba a kan rajista zan yi magana ba.

Injiniya ya jawo kujera ya zauna gefena. Ya ce shi zai rubuta gwaji, ni in mayar da shi kore, sannan mu yi musanya. Gwajinsa na farko cewa ya yi in aka ba manhaja rajistar da babu kowa a ciki, ta dawo da rajistar da babu kowa a ciki. Na tambaye shi ko don wannan ya sha hanya daga Kaduna, ya zo ya sanar da ni cewa inda babu yaro babu yaro. Ya yi dariya ya ce in mayar da shi kore dai. Na mayar. Na biyu yaro ɗaya ya shiga, yaro ɗaya ya fita. Na uku yaro ɗaya an rubuta shi sau biyu, komai iri ɗaya, a haɗe. Haka muka yi ta tafiya, ja, kore, gyara. Ina yi ina tsaki. Kafin a tashi ƙa'idar Malam Shehu ta dawo cikakkiya, kod ɗin ma ya fi na da gajarta. Na ce masa ga shi nan, inda na tsaya nan muka dawo, sai dai mun ƙona yini guda.

Ya ce saura. Ya ce in duba duk gwajin da muka rubuta, kusan dukkansu na abin da za a haɗe ne, ina na abin da bai kamata a haɗe ba. Na rubuta masa Musa da Isa, gida ɗaya, waya ɗaya, su kasance biyu. Ya nuna kore nan take. Ya ce wannan daga kaina na ƙago shi, kuma kan da ya rubuta kod ba zai ƙago misalin da zai kayar da shi ba. Yana son gida na gaske, mai mutane a ciki. Na ce to ya je ya nemo, ni na tafi gida.

Da safen Talata Rifkatu ta shigo cajin kwamfutarta, don mu ne masu sola. Tun daga ƙofa ta fara.

"Anti Dije, na ji ɗan Kaduna ya sa an nome miki gona bayan shuka ta fito."

Na ce ta sa cajinta ta yi shiru, kada in huce a kanta. Injiniya ya gaishe ta, ya ce ta taimaka mana da abu ɗaya: a duk Randagi wane gida ne ya fi ba ta wahala wajen rubutu. Ba ta ko yi tunani ba ta ce gidan Baba Audu. Dattijo ne mai gandu, 'ya'yansa maza duk sun yi aure suna nan cikin gida ɗaya, noma ɗaya, rumbu ɗaya. Duk yaron da aka haifa a gidan, in ka tambayi mai gida, Baba Audu za a ce. Waya kuma ɗaya ce, tana aljihunsa, sai ya hau tudun bayan gida take kama sabis. Ta ce zuwanta na ƙarshe ma ta tarar matan 'ya'yansa biyu sun haihu, kwana kaɗan tsakani, duka mata. Ta yi wa yarinya ɗaya allurar farko. Ɗayar jikinta da zafi, ta ce a bari sai ta dawo. Ita ce ma take son tabbatarwa an kawo mata ran Alhamis.

Injiniya ya ce menene sunayensu. Rifkatu ta ce ai a lokacin ba a yi suna ba, ko ɗaya. Ya ce to me ta rubuta a gurbin suna. Ta dube shi, ta dube ni, kamar mun tambaye ta ko ruwa yana jiƙa kaya.

"Me ake rubutawa kafin suna? Jaririya."

Ban san lokacin da na jawo madannin kwamfutar gabana ba. Ni da hannuna na kwafe Jariri da Jaririya a katunan da ba zan iya ƙirgawa ba. Kowa a ƙasar nan ya san ba a tambayar sunan yaro kafin ranar suna, ko uba ya yi masa huɗuba ba za a faɗa maka ba. Kuma allurar farko a kwanakin nan ake so a yi ta. Na sani, Injiniya ya sani, Malam Shehu ya fi mu sani. Amma ba wanda ya tuna, saboda abu ne da muka saba da shi har muka daina ganinsa. Muna zaune muna cewa sunan yaro, sunan yaro, kamar da suna ake faɗowa duniya.

Na rubuta gwajin da kaina. Jaririya da Jaririya, mai gida Baba Audu, waya ɗaya, gunduma ɗaya, haihuwa cikin mako ɗaya, ɗaya da allura ɗaya babu. Amsar da ake so: yara biyu. Na kunna. Ja. Ya ce an nemi biyu, an samu ɗaya. Na buɗe in ga wadda ta rage. Mai allurar ce, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ɗayar babu ita. A wurin manhaja ba a taɓa haihuwarta ba. Ba za a aika saƙo a kawo ta ba, ba za a lissafa allurarta a kula ba. Wannan karon Rifkatu tana tune da ita, za ta neme ta. Amma karo na gaba fa, ko ranar da aka tura wata ma'aikaciyar?

Ni ba na yarda da abu don an faɗa. Na ce wa Injiniya ya dawo mini da nawa na da, wanda na goge, mu ga ko shi ma haka zai yi. Ya nuna mini yadda zan ciro shi daga tarihi. Na ɗora masa gwajin. Ja. Irin jan, irin amsar.

A nan ne ya yi abin da nake gode masa a kai fiye da komai. Bai ce kin gani ba. Bai ko dubi fuskata ba. Ya tashi ya ce bari ya duba batirin sola, yana jin kamar yana ƙara, ya fita. Batirin lafiyarsa lau. Ya ba ni wuri ne in haɗiye abin ni kaɗai.

Kafin ya dawo na bincika kwafin rajista, na nemo duk inda aka haɗe Jariri da Jariri ko Jaririya da Jaririya. Ba gidan Baba Audu kaɗai ba ne. A Kuyello akwai, a Kazage akwai, duk inda ake zaman gandu da waya ɗaya. Wani ɓangare na raguwar nan da na yi ta murna da ita, har aka sa mini albarka, 'ya'yan mutane ne.

Rifkatu ta ja kujera ta zauna, ta manta da cajinta. Ta ce tunda abin ya zama haka bari ta ƙara mana. Bayan suna, yarinyar da aka rubuta Jaririya za ta dawo da sunanta, in katin ya ɓata sai a ɗauka sabuwa ce. Ga kuma ɗan fari. Ka tambayi uwa sunansa, ta sunkuyar da kai ta ja mayafi, ta ce a tambayi kakarsa. In kakar ba ta zo ba, sai wata maƙwabciya ta faɗi laƙabin da ake kiransa da shi, wani zuwan kuma a faɗi na yanka. Ta ce akwai yaron da ta sani da suna uku, uwarsa ba ta taɓa furta ko ɗaya ba. Na ce mata ni ma 'yata ta fari har ta yi aure ban kira sunanta a gaban mutane ba, kada ta yi mana dariya. Duk abin da ta faɗa, muka mayar da shi gwaji. Kowanne ya fara da ja.

Ni na ce zan je wurin Malam Shehu, don ni ya sa wa albarka. Na ɗauki kwamfuta na same shi a ofis. Bayan gaisuwa na ce, "Ranka ya daɗe, ƙa'idar nan ta haɗiye 'yar mutane."

Ya ɓata rai. Ya ce ya yi shekaru yana wannan aiki tun ina bakin tasha, ba da ka ya kawo ƙa'idar ba. Na ce na sani, ni ma ba da ka na rubuta ba, ya dai duba. Na karanta masa gwajin kamar labari, na kunna, ya ga jan. Ya matso ya kalli allon. Can ya ce a gidan mahaifinsa ma an taɓa yin haka, shi da ɗan baffansa rago biyu aka yanka rana ɗaya. Bai yi gardama ba daga nan. Shi da bakinsa ya gyara ƙa'idar: duk yaron da ba a yi wa suna ba, kada na'ura ta haɗe shi da kowa, ta ware shi gefe sai ma'aikaciyar da ta san gidan ta tabbatar. Sunan uwa kuma a riƙa duba shi, ba don ya yanke hukunci ba, don ya sa a dakata. Ya ce rajistar ba za ta yi tsabtar da ya yi alkawari ba, zai sha magana daga sama, amma wannan nasa ne, mu je mu yi namu. Mutumin kirki ne, ina faɗa ko yana nan ko ba ya nan.

Ran Laraba muka yi ta gyara. A nan na ga amfanin waɗancan ƙananan gwaje-gwajen da na raina. Ina cikin gyaran zancen jarirai sai na taɓa wani layi, nan take gwajin yaro ɗaya da aka rubuta sau biyu ya koma ja. Da babu shi da ban sani ba, da na toshe rami ɗaya na buɗe wani. Na gyara, duka suka koma kore. Ban taɓa canza kod hankalina kwance kamar ranar ba. Muka kuma sa saƙon ya riƙa ambaton uwa in akwai sunanta, don mai gida ya san ba maimaici ba ne. Da yamma aka saki aikin a kan rajistar gaske. Rifkatu ta zauna ta bi waɗanda aka ware na gundumarta ɗaya bayan ɗaya, tana cewa wannan biyu ne, wannan ɗaya ne, wannan ban sani ba sai na je.

Alhamis ta tafi da sassafe. Duk wanda yake da mutum a hanyar nan ya san yadda yinin yake, kana aiki kunnenka yana waje. Bayan la'asar muka ji babur. Ta shigo da taɓo har gwiwa, ta ajiye kula, ta sha ruwa, sannan ta ce Baba Audu ya tare ta tun daga bakin gari da waya a hannu, yana faɗa wai mun sake turo masa saƙo biyu, shi ba kurma ba ne. Ta ce masa ya ba jikansa ya karanta masa da kyau. Aka karanta, ɗaya jaririyar Hauwa, ɗaya jaririyar Saratu. Ya ce to ai da ma biyu ne, me ya sa ba a faɗa haka tun da can ba. An kawo su duka. Mai zazzaɓin ta warke ta yi ɓul-ɓul, an sa mata Safiya, ta karɓi allurarta ta tsala ihu har kaji suka watse.

Da aka tashi daga aiki na tsaya. Na ce wa Injiniya na gode, kuma ina nufin haka har zuciyata. Sannan na ce amma ran Litinin da gefe ya kira ni, da ya fi. Ya ce gaskiya ne, da ya kira ni gefe. Tun daga ranar in zai sa wani ya goge aiki, waje yake fita da shi. Ku da kuka zo daga baya kuna cin wannan arziki ba ku san wanda ya biya ba.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne, kod ɗina ba ƙarya ya yi ba. Abin da aka ce ya yi, shi ya yi, daidai. In da bayan na gama na rubuta gwajin, da ƙa'idar zan sake kwafewa, komai ya nuna kore, mu tafa wa juna. Rubuta gwaji da farko yana tilasta maka ka faɗi abin da kake so ya faru da mutum kafin ka shagala da yadda za a yi. Kuma dole ka kawo misali, misali kuma in na gaske ne yana zuwa da abin da ba ka shirya masa ba. Mu a nan masu aikinmu ba sa cikin ofis. Suna can inda ake haihuwa a bar yaro mako guda babu suna, inda gida guda ke da waya ɗaya a aljihun dattijo. Na gode wa wanda ya ƙi sassauta mini don na girme shi, don da ya ji nauyina ya ƙyale, da raini ne ya yi mini ba girmamawa ba. Na gode wa Rifkatu da ta riƙe gidajen mutane a kanta. Na gode wa Malam Shehu da ya ga ja ya yarda ja ne.

Akwai wani aiki da aka riga aka ba ni na gaba, na lissafin ranar da za a dawo da yaro allura ta biyu. Washegari Juma'a ban nufi ofis ba. Na aika wa Injiniya cewa zan makara, na wuce asibitin cikin gari inda Rifkatu ke karɓar mata in ba ta fita ƙauye ba. Na ja benci kusa da teburinta, na buɗe kwamfuta a cinya, ban rubuta ko layi ɗaya na aikin ba. Ta ce lafiya, Anti. Na ce lafiya lau, ta ci gaba da aikinta, ta dai riƙa ɗaga murya in ji. Matar farko ta shigo da goyo. Rifkatu ta tambaye ta yaushe aka haife shi, ta ce ana saura kwana kaɗan a fara yankan dawa. Na buɗe sabon gwaji na fara rubutawa.